Yadda Lanƙwasa Ɗaya Ta Ja Mana Abin Kunya a Adashin Gwaggo

Mu huɗu ne muka haɗa kai muka yi wannan rubutu, kuma da yawanku kun san fuskokinmu. Mu ne yaran nan da kuke gani a zauren gidan Gwaggo bayan la'asar, kowa da laftof a cinya, har wasu suna mana tsiya wai Allah ya sa ba 'yan yahu ba ne. To, ku kwantar da hankalinku, manhaja muke rubutawa, wato umarnin da ake jera wa kwamfuta layi bayan layi don ta yi wani aiki. Maza uku ne da mace ɗaya, dukkanmu 'yan gida ɗaya, kuma a nan Ibadan aka yanke mana cibiya. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani abin kunya da muka jawo a farkon 2024. Mun ga gara mu faɗe shi da bakinmu, ko ƙannenmu masu koyon wannan sana'a za su tsira daga irinsa.

Kowa ya tuna faman da aka sha a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Gwaggonmu uwar adashi ce, ta fi shekara ashirin tana riƙe da shi. Da can abin ba wuya. Yarinya ta shigo da kuɗi ƙulle a bakin gyale, ta ce ga zubin Maman wane, jikar Gwaggo ta ja layi a littafi, shi ke nan. Da kuɗi suka ƙi samuwa a hannu sai kowa ya koma taransifa, nan fa aka shiga uku. Alat zai shigo da sunan mijin mai zubi, ko na ɗanta da ke Legas, ko na mai POS ɗin bakin titi, wani lokaci ma sunan da ba wanda ya taɓa ji a gidan. Ga mata sun haura ɗari a rukuni uku, na kullum da na mako da na wata. Gwaggo takan kai sha biyun dare ana karanta mata waya, tana tambayar wannan kuma na wace ce.

Sai muka ce haba, ga ilmi a hannu, a bar tsohuwa tana wahala? Cikin mako shida muka haɗa ƙaramar manhaja da harshen Python. Muka raba aiki. Babbanmu ya ɗauki sashen rajistar mata. Ƙanwarmu mai karatun kwamfuta a kwaleji ta ɗauki sashen shigar da zubi. Na ukunmu ya yi mai fitar da rahoton wace ta biya, wace ake bi. Autanmu kuma ya yi shafin da ake gani a waya. Ko sau ɗaya ba mu zauna mun ce ga yadda za mu riƙa rubutu ba, kowa ya bi yadda ya gani a bidiyon da ya koya. Abin ya yi aiki. Gwaggo ta sa mana albarka, ta ce sai yau ta ga amfanin kuɗin datar da muke damunta da shi. Kanmu ya yi girma, ba ma ɓoyewa.

Ana saura kamar mako biyu a ɗauki azumin 2024, kwasa ta zo kan wata baiwar Allah a adashin mako. Ba za mu faɗi sunanta ba. Mijinta ya rasu, ba ta daɗe da fita takaba ba, tana riƙe da yara huɗu da kuɗin waina da ƙosai. Da wannan kwasa ta yi niyyar sayen shinkafa da wake da mai kafin kaya su ƙara tashi, don kowa ya san azumi shi ne kakar mai ƙosai. Zubin naira 5,000 ne duk mako, kuma an yi zubi goma. Rahoton manhajarmu ya fito ya ce shida kawai ta biya, ana bin ta huɗu. Dokar Gwaggo kuwa tun fil azal, wadda ake bi ba ta kwasa, sai a tsallake ta a ba ta gaba. Gwaggo ta yi jim, ta ce wannan ba halinta ba ne. Mu kuma muka ce, "Gwaggo, ai kwamfuta ba ta ƙarya." Da bakinmu muka faɗi wannan magana. Aka ba ta gaba kuɗin, aka aiki yarinya ta je ta sanar da ita.

Bayan isha'i sai ga ta da kanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaida Gwaggo, ta zauna a bakin tabarma, ta kwance wani ƙulli, ta baje takardun POS, wasu har rubutunsu ya soma dushewa. Ta ce, "Hajiya, ga su nan, a ƙirga." Aka ƙirga, goma cif, kowace da kwanan watanta. Sannan ta ce kuɗin ba su dame ta ba kamar yadda saƙon ya bi ta bakin yara, domin kafin yarinyar ta iso ƙofarta an riga an ji a gida uku cewa matar marigayi ta ci kuɗin adashi. Gwaggo ba ta ce mana uffan ba a gabanta. Washegari da sassafe ta taɓa jarin atamfarta, ta haɗa kuɗin kwasar nan ba ragin kobo, ta kai mata har ɗaki. Da ta dawo ta dube mu ta ce, "Ku rufe abin nan naku. A miƙo min littafina."

Kwana uku muka yi muna neman inda ɓarakar take, abin da bai kamata ya wuce rabin awa ba. Babbanmu da ya rubuta sashen rajista yana can sansanin masu bautar ƙasa, waya ba ta shiga sai an dace. Muka buɗe rubutunsa muka ga kamar ba harshen da muka sani ba. A manhaja, duk abin da za ka ajiye sai ka ba mazubinsa suna. Shi ya sa wa nasa x da x2 da abu da sabon_abu. Ƙanwarmu da Turanci ta sa nata. Na ukunmu, da yake ya fi zama cikin abokansa na Mokola, kuɗi a wurinsa owo ne, amma a wani layin ya rubuta kudi, a wani kuma ya gajarta kalmar Turanci. Aiki ɗaya, harshe uku, babu bayani ko layi guda. Mu 'yan Sabo mun saba sauya harshe a tsakiyar magana, kuma a kasuwa wannan riba ce. A cikin manhaja kuwa sai da ya sa muka kasa karanta rubutun ɗan'uwanmu na jini.

A dare na uku muka gano. Ashe manhajar da suna take gane mace. Sunan mahaifin baiwar Allahn nan da Ɗan yake farawa. Ranar da ƙanwarmu ke shigar da zubi, da wayarta take yi, mai allon rubutun Hausa, sai ta rubuta Ɗ mai lanƙwasa. Ranar da autanmu ke yi, da laftof yake yi, sai ya buga D kawai. A idon mutum suna ɗaya ne, amma ita kwamfuta lamba take gani. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, D lambarta 68, Ɗ kuma 394. Haka k 107 ce, ƙ kuma 409. Da manhajar ta ga sunan da ba ta sani ba, maimakon ta tsaya ta tambaya, mun rubuta ta ne ta buɗe sabuwar rajista shiru. Sai mace ɗaya ta zama biyu, ɗaya ta yi zubi shida, ɗaya huɗu. Rahoton kuwa waɗanda ke cikin jerin kwasa kaɗai yake nunawa, don haka ta biyun ta ɓuya da kuɗinta. Gaskiya ne kwamfutar ba ta yi ƙarya ba. Abin da muka ce ta yi, shi ta yi.

Garin wannan tone-tone muka ci karo da wasu ramuka biyu da ba a kai ga faɗawa ba. Ɗayanmu ya kwaso tsarin kwanan wata na Amurka, inda wata ke gaba da rana, sauranmu kuma rana muke fara sawa. Idan ka ga 02/01, a wurin wani 2 ga Janairu ne, a wurin wani 1 ga Fabrairu. Na biyun ya fi muni. Sashen zubi da naira yake ajiye kuɗi, wani sabon sashe da autanmu ya fara don haɗa alat kuma da kobo. Da an haɗa su yadda suke, da naira 5,000 ta koma naira 50 a wani wuri, a wani wurin kuma ta kumbura ta zama 500,000. Jikinmu ya yi sanyi.

Baffanmu, yayan Gwaggo, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a fataucin goro, yana kishingiɗe a zauren yana jin duk gardamar da muke. Da ya gaji sai ya ce, "Kai ku zo nan. Ƙwaryar goro nawa ce?" Muka ce ɗari. Ya ce, "A Kano fa?" Muka ce ɗari. "A Sakkwato?" Muka ce ɗari, Baffa. Ya ce to da a ce kowane mai gida yana da tasa ƙwaryar, da ba a taɓa ɗora huhu ɗaya a jirgin ƙasa ba. Wanda ya ɗaure huhu a nan ba shi zai kwance shi a can ba, kuma ba zai kasance a wurin ba balle a tambaye shi. Shi ya sa ƙirga ɗaya ce, ɗauri ɗaya ne, alama kuma an san inda ake duba ta. Ya ce ko baƙo ya je Bodija ya ce a auna masa mudu, sai an tsaya an daidaita ko kongo yake nufi kafin a zuba. "Ku kuwa kun ɗaure huhu huɗu, kowa da tasa ƙirgar, kun ce Gwaggonku ta sayar."

Maganar ta shige mu. Tun 1916 da aka kafa Sabo, abin da ya riƙe kasuwancin unguwar nan ke nan. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a nan a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda kakanninmu ke tafiyar da cinikin goro da shanu. Cikin abin da ya ja hankalinsa har da yadda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da an sa hannu a takarda ba, mai gida da dillali su tsaya a tsakani, kowa ya san abin da ke kansa. Wannan ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida da kowa ya yarda da ita. Mun gaji abin, amma muka ɗauka da zarar an kunna laftof an wuce wurin.

Da muka shiga bincike sai muka tarar manyan masu sana'ar tamu sun daɗe da sanin abin da Baffa ya faɗa. Harshen Python da muke aiki da shi yana da takardar ƙa'ida da ake kira PEP 8. Wanda ya ƙirƙiro harshen, Guido van Rossum, shi da Barry Warsaw suka rubuta ta a 2001. Ta faɗi komai dalla-dalla: idan layi zai shiga ciki a ba shi tazara huɗu, kada layi ya wuce harafi 79, sunan aiki a rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a raba kalmomi da ɗan layin ƙasa. Hujjarta ita ce rubutun manhaja an fi karanta shi fiye da yadda ake rubuta shi. Iyakar tsawon layin ma gado ce, tun zamanin katin IBM mai gurbi 80 da ake hudawa, wanda ya fito a 1928. Su kuma masu gina Linux, aikin da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, maɓallin Tab suke amfani da shi, mai faɗin gurbi takwas. Waɗannan sun ce huɗu, waɗancan sun ce takwas, kuma duka gidajen biyu suna tsaye. Abin da ya haɗa su, duk wanda ya shigo gidansu sai ya bi tsarin gidan ko bai yi masa daɗi ba.

Mun kuma karanta labarin da ya ɗan rage mana zafin rai, ko da yake bai wanke mu ba. A watan Satumban 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Dalili, manhajar wani rukuni tana fitar da ƙarfin tura kumbon da awon fam, ta ɗaya rukunin kuma tana karɓa a matsayin awon niyuton. Mudu da kongo ke nan, sai dai a sararin samaniya. Ƙanwarmu ta ce su dai ƙarfe suka yi asara, mu mutuncin uwar wasu muka taɓa. Ba wanda ya yi dariya.

Da babbanmu ya fito daga sansani ya zo hutu, muka zauna muka rubuta tamu takardar ƙa'ida, shafi biyu. Muka ɗauki PEP 8 a matsayin tushe don kada mu ɓata lokaci kan tazara, sannan muka ƙara abin da ya shafi aikinmu. Ga su nan, ko wani zai amfana.

Ta farko, da lamba ake gane mutum. Kowace mai zubi tana da lambarta da ba ta sauyawa. A ƙarƙashin lambar ake rubuta sunan yanka da na mahaifi da lanƙwasarsu daidai, sai sunan da aka san ta da shi, Maman wane ko Amarya ko Hajiya Ƙarama, tunda a gidajenmu akwai sunan da kunya ba ta bari a kira. Sai kuma sunayen waɗanda alat ɗinta ke shigowa da su. Wajen nema, idan ka buga D manhajar ta kawo maka D da Ɗ duka, haka K da Ƙ, B da Ɓ, har da 'y irin ta Najeriya da ƴ irin ta Nijar, tunda muna da 'yan'uwa daga can a cikin adashin. Idan kuma ta ga sunan da ba ta sani ba, ta tsaya cak ta tambaya. Ba ta da izinin ƙirƙiro mutum.

Ta biyu, harshe ɗaya wajen sa wa mazubi suna. A nan aka yi gardama har murya ta tashi. Ƙanwarmu ta ce Turanci, don shi duniyar masu manhaja ke ji, kuma duk wanda zai nemi aiki a waje da shi za a auna shi. Babbanmu ya ce zubi da kwasa da uwar adashi ba su da takwara a Turanci da zai zauna daidai, kuma yaran unguwar nan ne za su gaje mu. Kowa yana da gaskiyarsa. Aka ɗaga hannu, Hausa ta ci uku da ɗaya. Yanzu sunayenmu irin su zubin_mako da ranar_kwasa ne, ba lanƙwasa a cikinsu don kowane allon rubutu ya iya buga su, kuma akwai jerin kalmomin a farkon takardar da ma'anar kowace. Ƙanwarmu har yau tana ganin ita ce mai gaskiya, amma tana bi. An hana x, an hana abu.

Ta uku, kuɗi da kobo ake ajiye su, lamba cikakkiya ba ɗigo, kuma sunan mazubin ya faɗi awon, kamar zubi_kobo. Naira 5,000 a ciki 500000 ce, sai wajen nunawa a mayar da ita naira. Duk mai shakka ya buɗe Python ya tara 0.1 da 0.2, zai ga 0.30000000000000004. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma akwai gutsattsarin lamba da ba sa zama daidai a wannan tsari, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan ka rubuta shi 0.333. Ɗan ɓurɓushin nan idan ya taru a lissafin kuɗin mutane, wata rana sai ya nuna.

Ta huɗu, kwanan wata shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, bisa tsarin duniya na ISO 8601. Idan an rubuta 2024-02-01, ba mai cewa Janairu ne. Ƙari a kan haka, idan aka jera su sai su bi juna daga na da zuwa na yanzu da kansu.

Ta biyar, hashiya. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san ɗan rubutun da malamai ke yi a gefen littafi don na baya. Manhaja ma tana da wurin irin wannan, layin da kwamfuta ke tsallakewa, mutum kaɗai ke karantawa. Muka ce kada a cika ta da faɗin abin da layi ke yi, wannan ido na gani. A faɗi dalilin da ya sa aka yi shi haka. Misali, akwai inda muka rubuta cewa ba a lissafa zubin kullum ranar Sallah, domin haka Gwaggo ta saba tun da. Ba don wannan hashiya ba, wani zai zo ya ɗauka kuskure ne ya gyara.

Ta shida, ba mai shigar da aikinsa cikin babbar manhaja sai wani ya karanta ya amince, ko da babbanmu ne. Muna amfani da Git, wanda shi ma Torvalds ne ya ƙirƙiro a 2005, mai riƙe tarihin kowane sauyi da wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Kowane sauyi sai an rubuta masa gajeren bayani da ke faɗin abin da aka taɓa da dalili. An hana rubuta "gyara" kawai a wuce. Da muka yi wa Baffa bayanin wannan sai ya ce ai ba sabon abu ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ya ce idan bashin mutum biyu yana buƙatar marubuci da shaidu, ina ga kuɗin mata ɗari.

Ta bakwai, duk kuskuren da aka kama sai an rubuta masa gwaji, wato ɗan ƙaramin rubutu da ke jarraba manhajar da kansa duk lokacin da aka taɓa ta. Gwajinmu na farko shi ne na lanƙwasa: a shigar da zubi shida da Ɗ, huɗu da D, a ga ko za ta ce goma. Idan ta ce wani abu daban, aiki ba ya wucewa.

Ta takwas, amana. Ba a sa sunan kowa na gaskiya ko lambar wayarta a cikin gwaji. Ba a ɗaukar hoton rahoto a tura a WhatsApp, ko da a zauren 'yan gida ne. Ba a rubuta kalmar sirri a cikin manhaja. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, amma ko babu doka, wace ta biya da wace ake bi sirrin ɗakin Gwaggo ne.

Ta tara ba mu muka rubuta ta ba. Da muka kai wa Gwaggo takardar aka karanta mata, ta ce duk ta ji, amma saura ɗaya, kuma sai an sa ta kafin ta yarda a sake kunna abin. Ta ce kwamfuta ba ta yanke wa mutum hukunci a gidanta. Idan rahoto ya ce ana bin wata, sai an duba littafi, an duba alat, sannan ita da ƙafarta ta je ta same ta, su biyu. Ba aiken yaro. Muka rubuta yadda ta faɗa, muka sa ta a saman sauran.

Ba za mu ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Aikin da muke gamawa a dare ɗaya yanzu yana cin kwana uku. Autanmu ya yi fushi ranar da aka dawo masa da aikinsa sau uku saboda suna da hashiya, har ya yi mako bai leƙo zaure ba, ya ce an mai da shi ɗan aji ɗaya. Babbanmu ma ya daɗe yana jin kamar shi ake nunawa da yatsa, alhali laifin na mu huɗu ne: shi ya rubuta, amma ba wanda ya ce kawo mu gani. Sai da muka yi wata biyu muna sake sunaye da gyara tsohon rubutu, ba tare da an ƙara wa manhajar ko abu ɗaya da Gwaggo za ta gani da ido ba. Amfanin ya fito ne daga baya. Wani yaro ɗan layinmu da ya gama sakandare ya zo koyo, muka ba shi takardar da manhajar. Cikin kwana biyu ya gane inda komai yake, har ya kamo wani kuskure a lissafin rukunin wata, bai kira kowa a waya ba.

Ita kuwa baiwar Allahn nan, mun je mu huɗu mun durƙusa mun ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Gwaggo ta bi gidajen nan uku da kanta ta warware maganar. Ta ƙarasa zagayen adashin har ƙarshe, ba ta taɓa makara ba. Da aka buɗe sabon zagaye ba ta shiga ba, kuma har yau ba ta dawo ba. Idan mun je sayen waina tana amsa gaisuwarmu da fara'a, har ta yi mana gyara. Wannan gyaran ya fi zagi ciwo. Lambarta tana nan a rajista, Gwaggo ta ce kada a ba kowa.

Iyayenmu, idan yaranku sun ce za su haɗa muku manhajar lissafin shago ko makaranta ko masallaci, ku ba su dama, abin yana da amfani. Amma ku tambaye su abu uku: ina takardar ƙa'idarku, wa ke duba aikin wani, kuma idan kai ba ka nan wa zai iya karantawa? Kada kuma ku yar da littafi. Gwaggo har yau duk Juma'a da yamma sai an ɗora littafinta kusa da laftof an bi layi-layi. Ƙannenmu masu koyo kuma, maza da mata, muna zama a zauren Gwaggo duk Asabar bayan la'asar. Duk mai son kwafin takardar ya zo ya karɓa, kyauta ce, ya gyara ta daidai da nasa aikin. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya rufa mana asiri, ya ƙara wa unguwarmu zaman lafiya da albarka. Amin.